Ƙofa Daban, Ƙyaure Daban: Mu San Sunayen Sassan Ƙofa da Taga

  

Yau za mu tsaya ne a wurin da kowannenmu ke ratsawa sau da yawa a rana ba tare da ya ɗaga kai ya dube shi ba, wato bakin ƙofa. Abin da ya jawo maganar kuwa wani abu ne da ya faru a gidan yayarmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi kwanakin baya.

Yayar tamu ta daɗe tana zubin adashi domin ta sauya ƙofar ɗakinta, saboda gara ta cinye ta katakon da ke wurin. Da ta kwashi kuɗinta sai ta kira babban ɗanta, ɗan aji huɗu na sakandare, ta ce ya auno ƙofa ya kai wa mai walda. Yaron ya ɗauki tef, ya auna ramin bango daga gefe zuwa gefe, ya samu ƙafa 3, ya auna daga ƙasa zuwa sama, ya samu ƙafa 7. Awonsa daidai ne, babu kuskure ko kaɗan. Da ya isa wurin mai walda sai aka yi masa tambaya guda: "Samari, wannan awon da firam ne ko ban da firam?" Bai san amsa ba, kuma ga tsaransa 'yan koyon aiki suna kallonsa. Kunya ta hana shi cewa bai gane ba, sai kawai ya ce, "Ban da firam."

Bayan mako guda aka kawo aiki a kura, an shafe shi da fenti yana ƙyalli. Aka ɗaga za a saka, ya ƙi shiga. Ya fi ramin faɗi da kusan inci 3, ya fi shi tsayi da kusan inci 2. Magini ya ce zai iya sassaƙe gefen bango, amma ba zai taɓa linta ba. Wani maƙwabci ya ce a fasa dokin ƙofa a sauke aikin ƙasa, yayarmu ta ce a'a, ta san yadda ruwa ke kwanciya a lungunsu a watan Agusta. Ƙarshe dai aka mayar da aikin, aka yanke, aka sake walda, aka sake fenti, aka biya mai kura sau biyu. Kuɗin da ta ware na labule da ragar sauro ne ya tafi a nan.

Da daddare yaron ya same mu ya ce, "Kawu, wallahi awona daidai ne." Muka ce masa gaskiya ne, tef bai yaudare shi ba. Kalma ɗaya ce da bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo darasin nan, domin gobe ɗayanku za a aika.

Abu uku ne

A maganar yau da kullum komai ƙofa muke ce masa. "Rufe ƙofa." "An ɓalle ƙofa." "Na sayo ƙofa." Babu laifi a hira. Amma a wurin aiki abubuwa uku ne, kowanne da sunansa da awonsa.

Na farko ita ce ƙofa kanta, wato mashigar da aka bari a jikin bango. Na biyu shi ne ƙyaure, abin da ake turawa ya buɗe, a jawo ya rufe. Jam'insa ƙyamare ko ƙyauraye. A wasu garuruwan Hausa, musamman can yamma da ƙasar Nijar, za ku ji ana ce masa gambu. Na uku shi ne firam, zagayen ƙarfe ko katako ko alminiyam da ake kafawa a cikin ramin bango domin a rataya ƙyaure a jikinsa.

Mutumin Kano bai kamata ya rikita ƙofa da ƙyaure ba, domin garinsa ma ya koya masa. Wanda ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi zai shiga cikin gari, ko ta Ƙofar Nasarawa ko ta Ƙofar Ɗan Agundi, ba ya tarar da abin da zai tura, amma sunansu ƙofa har gobe. A da can ƙofofin ganuwa suna da manyan ƙyamare da ake rufewa da dare, kowace da Sarkin Ƙofa mai tsaronta. Wanda ke son ganin irin waɗannan tsoffin ƙyamare sai ya leƙa gidan tarihi na Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Ke nan ƙofa tana iya zama babu ƙyaure. Kakanninmu a ƙauye ma sau da yawa asabari ko tufaniya suke sakawa a bakin ɗaki, wato rufin da aka saƙa da tsiwa ko ciyawa ko kara.

Yanzu ku dubi abin da ya sami yaron nan. Shi ramin bango ya auna, wato wurin da firam da ƙyaure za su shiga tare. Da ya ce "ban da firam", sai mai walda ya ɗauka awon na ƙyaure ne kaɗai, ya yi ƙyaure mai ƙafa 3, sannan ya ƙara masa firam ta waje. Kowa ya yi daidai da abin da ya fahimta, amma aiki ya ɓaci. Ku riƙe wannan: rami ya fi firam girma, firam ya fi ƙyaure girma.

Jikin firam

Firam ɗin ƙofa yana da sanduna biyu a tsaye, ɗaya dama ɗaya hagu. A nan za mu kira su ƙafafu. Ɗaya ce ke ɗauke da hinji, wato ita ke riƙe da nauyin ƙyaure gaba ɗaya. Ɗayar kuma a jikinta ake huda ramin da harshen kuba ko sakata ke shiga. Sandar da ta gitta a sama ta haɗe ƙafafun biyu ita ce kan firam.

Ku shafa cikin firam da yatsa, za ku ji wani gurbi da ya zagaye shi kamar matakala. Nan ƙyaure ke kwanciya idan an rufe. Gurbin ne ke hana ƙyaure wucewa ɗaya ɓangaren, shi ne kuma ke rage shigar ƙura da haske ta gefe. Daga ganin inda gurbin ya fuskanta za ku san ko ƙyauren ciki zai buɗe ko waje, tun kafin a rataya shi.

A bayan firam, ɓangaren da ke shiga bango, akwai 'yan guntayen ƙarfe da ake waldawa ko a kafa da ƙusa, kamar kunnuwa. Su ake binnewa cikin siminti su riƙe firam. Da zarar an yi filasta ba za ku sake ganinsu ba, amma idan babu su, ko aka yi rowarsu, wata rana ana buga ƙyaure da ƙarfi za ku ga bango ya tsage a gefen firam. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma kaurin bango. Bulo iri biyu aka fi gini da shi a nan, mai inci 9 da mai inci 6. Akwai firam ɗin ƙarfe da ake yi ya rungume kaurin bangon duka, don haka wanda aka yi wa bangon inci 6 ba zai zauna daidai a na inci 9 ba. Idan an aike ku, ku auno kaurin bango ma.

Sama da ƙasa: linta da dokin ƙofa

Kun sha jin manya na cewa, "Alhamdu lillahi, gini ya kai linta." Linta ita ce dogon kankare mai rodi a ciki da ake zubawa a saman ramin ƙofa ko taga. Ba cikin firam take ba, cikin bango take. Aikinta ta ɗauki nauyin bulo da rufin da ke sama da ramin, ta sauke shi a kan bangon da ke gefe biyu. Shi ya sa take wuce faɗin rami, ta hau bango dama da hagu da aƙalla inci 6. Firam ba a yi shi don ɗaukar nauyin gini ba. Idan aka ɗora masa, zai lanƙwashe, ƙyaure ya daina rufuwa.

Wannan ne dalilin da maginin nan ya ƙi sassaƙar linta, kuma ya kyauta. Wanda ya sare ƙasan linta ya kusanci rodin da ke riƙe da ita, domin a ɓangaren ƙasa rodin ya fi yin aiki. Maginan gargajiya na Kano sun san wannan hikimar tun kafin siminti ya zo. Su azara suke gittawa a saman ƙofa, wato itacen giginya da aka tsaga, saboda ƙarfinsa da kuma yadda gara ba ta cika cinsa ba.

A ƙasa kuma akwai dokin ƙofa, ɗan tudun da ake tsallakawa kafin a shiga ɗaki. Shi ke tare ruwan sama da yashi da ƙananan ƙwari. Duk wanda ya taɓa kwasar ruwa da bokiti daga ɗaki da tsakar dare ya san darajarsa. Da yawanku kaka ta taɓa kora ku daga kansa, ta ce ba a zama a dokin ƙofa. Ko me aka ce muku zai faru, akwai hankali a cikin hanin: hanya ce, mai fitowa da tukunyar ruwan zafi ba lallai ya gan ku ba.

Ƙyaure da kayan jikinsa

Hinji shi ne maɗaurin ƙarfe mai lanƙwasa da ke haɗa ƙyaure da firam. Ƙyaure mara nauyi hinji biyu ya ishe shi, mai nauyi yana son uku. Na sama ya fi wahala, domin nauyin ƙyaure kullum janyo shi yake daga jikin firam. Don haka idan kuka ga ƙyaure ya fara jan ƙasa, ku fara duba hinjin sama, sau da yawa shi ne ya saki.

Sakata ita ce sandar ƙarfe da ake zurawa ta shiga rami ta riƙe ƙyaure. Kuba ita ce makullin da aka dasa a jikin ƙyaure, wanda ake murɗawa da ɗan mabuɗi. Kwaɗo kuwa shi ne wanda ake ratayawa a cire, sunansa ɗaya da na kwaɗon rafi. Sai mariƙi, wato hannun da ake kamawa. Wanda aka aika sayen kuba ya dawo da kwaɗo ya yi asarar kuɗin mota.

Ga wani abu da za ku iya dubawa a ƙyauren katako na shago ko na kicin, irin wanda ake jera falankai a tsaye a ɗaure su da wasu a kwance. Sau da yawa akwai sanda guda da aka sa a karkace tsakaninsu domin tokari. Daidai shi ne ta taso daga ƙasa ta ɓangaren hinji, ta hau sama ta ɓangaren makulli. Ta haka take tura nauyi zuwa ga hinjin ƙasa. Idan aka juya ta, ƙyauren zai fi saurin sunkuyawa. Darasin lissafi ne a ɓoye: siffa mai kusurwa huɗu tana iya karkacewa, mai kusurwa uku ba ta karkacewa sai an karya ta.

Kun taɓa lura ƙyauren katako yana cijewa da damina, sai an sa kafaɗa, amma da hunturu har haske ake gani ta gefensa? Katako yana shan laimar iska ya kumbura, idan iska ta bushe ya motse. A Kano, inda Agusta ke da laima, Janairu kuma ke busar da leɓe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa kafinta mai hankali ke barin 'yar tazara kamar milimita 3 tsakanin ƙyaure da firam, kuma yake neman busasshen katako. Wanda ya sassaƙe ƙyaure da yawa a watan Agusta zai kwana da sanyi a watan Janairu.

Taga

Kalmar taga daga Larabci muka samo ta, wundo kuma daga Turanci, kamar yadda muka aro firam da linta da hinji da gilashi. A tsoffin gidajen ƙasa na cikin gari taga 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi, domin ta fitar da zafi ta kuma kare sirrin gida. Ta yau ta fi girma, ta kuma fi yawan sassa.

Ita ma tana da rami, da firam, da abin da ke buɗewa. Tana da linta a sama. A ƙasa tana da gindi, wanda ya kamata ya ɗan gangara waje domin ruwa ya zube can. Idan kuka ga bango ya yi baƙi ko fenti yana ɓarewa a ƙarƙashin taga ta cikin ɗaki, ku duba gindin, wataƙila a kwance yake ko ma ciki ya karkato. Babbar taga takan sami sanda a tsaye da ta raba ta biyu ko uku, wata kuma da sanda a kwance da ta ware ɗan sashe a sama wanda ake iya bari a buɗe da dare.

Iri uku kuka fi gani a unguwanninmu. Akwai mai jerin gilasai a kwance da ake ɗagawa da ɗan hannu, irin ta tsoffin azuzuwa. Akwai mai zugewa gefe a kan layi, wadda masu alminiyam ke yi. Akwai mai hinji da ake turawa waje kamar ƙyaure. Ku lura da wannan kafin a zaɓa: mai zugewa ta gilashi biyu rabin faɗinta kaɗai ke buɗewa, domin gilashi ɗaya bayan ɗaya yake komawa. Mai hinji kuwa duka take buɗewa. A ɗakin da mutum biyar ke kwana a watan Afrilu, wannan rabin ba wasa ba ne. A ƙasan layin mai zugewa akwai 'yan ƙananan huji da aka yi da gangan domin ruwan da ya taru ya fita. Kada ku toshe su, ku riƙa share ƙurar da ke cike su.

Sai raga mai tare sauro, da ƙarafan tsaro da ake waldawa domin ɓarayi. A kan ƙarafan nan muna da magana da ku, ku kai wa iyaye. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana mai ɗaki fita ranar da gobara ta tare ƙofa, Allah Ya kiyaye. Ana iya yin taga ɗaya a ɗaki da ƙarfenta ke da hinji da makulli ta ciki, a ajiye mabuɗin inda kowa ya sani. Haka nan ƙofar aji ko ta ɗakin taro, an fi so ƙyaurenta ya buɗe waje, domin idan jama'a suka rugo a firgice suka danne ƙyaure mai buɗewa ciki, babu mai iya jawo shi.

Yadda za ku auna idan an aike ku

Inci 12 ne ƙafa 1, inci 1 kuma milimita 25.4 ne. Ƙofar ɗaki da aka fi yi ita ce ƙafa 3 da ƙafa 7, wadda a takardar zanen gini za ku ga an rubuta 900 da 2100 a milimita. Ta banɗaki takan zama 750. Taga mai ƙafa 4 da 4 ita ce 1200 da 1200.

Ku auna faɗin rami a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ku ɗauki mafi ƙanƙanta, domin bango ba ya cika miƙewa sak. Ku auna tsayi dama da hagu. Ku tambaya ko za a sa tayil daga baya, domin zai ɗaga daɓe ya ci tsayi. Sannan ku auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ku sake daga ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo ɗaya, kuma gefe da gefe sun yi daidai, ramin bai karkace ba. A rami mai 900 da 2100 ya kamata ku samu kusan 2285. 'Yan aji uku, ku gwada da ƙa'idar Faisagoras ku gani.

Ku rubuta komai a takarda, faɗi kafin tsayi, ku rubuta a sama: "awon ramin bango". Ku ƙara da ɓangaren da hinji zai kasance, da inda ƙyaure zai buɗe. Idan aka yi muku tambayar da ba ku gane ba, ku ce, "Malam, ban gane ba, a yi mini bayani." Matambayi ba ya ɓata. Mafi kyau ma ku roƙi mai aikin ya zo ya auna da kansa.

Makaranta a bakin titi

Mu mazauna Tarauni ba mu da uzuri. Ku bi Titin Zariya ko Titin Maiduguri, ku ratsa Unguwa Uku ko Darmanawa, za ku yi ta wuce masu walda da kafintoci da masu yankan alminiyam, firam jingine da bango tun ba a shafa masa fenti ba. Lokacin ne ake ganin kunnuwa da gurbi da duk abin da muka lissafa. 'Yan Katako na Na'ibawa ba su da nisa, kasuwar Ƙofar Ruwa kuma can ake samun ƙarfe da kuba da hinji iri-iri. Ku yi sallama, ku nemi izini, kada ku kalli hasken walda da ido, ku yi tambaya cikin ladabi. Za ku iya jin wani suna daban da wanda muka kawo, domin kowane wurin aiki da bakinsa. Ku rubuta shi ku aiko mana.

Wannan ilimi yana shiga jarrabawa ma. Hukumomin WAEC da NECO suna da darasin zanen fasaha, NABTEB kuma ita ke jarraba ɗaliban kwalejojin fasaha. Mai son ya yi nisa, namiji ko mace, akwai karatun zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wanda ya san abin a Hausa, ya taɓa shi da hannunsa, ba zai sha wuyar haddace sunansa na Turanci ba.

Aikin wannan mako

Ku zana ƙofar ajinku ko ta ɗakinku a takarda. Ku nuna linta, kan firam, ƙafafu biyu, ƙyaure, hinji, kuba ko sakata, da dokin ƙofa. Ku auna faɗin ƙyaure, ku auna faɗin firam daga waje zuwa waje, ku gaya mana bambancin inci nawa ne. Sannan ku tambayi kaka ko wani dattijo a unguwa sunan da suke kiran waɗannan sassa a zamaninsu. Za mu buga amsoshin da suka fi kyau tare da sunan makaranta.

Shi kuwa ɗan yayar tamu, shi ya auno tagar ɗakin bayan wata guda. Ya tafi da takarda, ya rubuta "awon ramin bango" da manyan baƙaƙe, har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta shiga daidai.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.